Dogon Hutu a Gonakin Rimin Gado

Shekara arba'in da suka wuce, duk wanda ya bi titin Gwarzo daga Kabuga ya san inda birnin Kano yake ƙarewa. Da ka wuce Rijiyar Zaki da sabuwar harabar Jami'ar Bayero gine-gine sun yanke, sai gero da dawa dama da hagu har Janguza, har Rimin Gado. Tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai ce. Ita muke yi kowace damina, ni da 'yan'uwana, da zarar an ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli. Ba a tambayar yaro ko yana so. Ana ɗaure masa 'yan tsofaffin kayansa, a ba shi sabulu da sukari da kananzir ya kai wa mutanen gida, a sa shi a mota.

Mahaifinmu ma'aikaci ne a birni, amma rabonsa na gandu yana nan a hannun yayansa. Kowace kaka sai buhun gero da na wake sun iso gidanmu, wani lokaci har da ƙullin kuka da daddawa. Tun da shi aiki ba zai bar shi ya je ya duƙa ba, mu ne nasa hannun a gonar. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya faɗa mana haka. Sai da na girma na gane cewa buhunan nan ba kyauta ba ce kawai, kuma zuwanmu ba yawon buɗe ido ba ne. Zumunci ne da ake biya da gumi daga ɓangarori biyu.

Lokacin da muke isa an riga an gama shuka, noman firi ma ya wuce. Abin da ke jiranmu shi ne maimai da huɗa, da shuka wake a tsakanin gero idan an makara, sannan korar tsuntsaye in gero ya fara ido. Ana fita bayan sallar asuba, an sha koko ko an ci ɗumame, raɓa tana jiƙa wando har gwiwa. Baffa yana gaba, manyan 'ya'yansa suna biye, mu ƙanana a can gefe da 'yan fartanyu daidai hannunmu, waɗanda maƙerin garin ya ƙera don yara. Kowa da kunyarsa. Wanda ya riga kaiwa ƙarshe sai ya juyo ya tari na baya. Da hantsi 'yan mata su kawo fura, a zauna ƙarƙashin ɗorawa, ludayi yana zagayawa. Ana tashi daga aikin gandu wajen azahar. La'asar ta kowa ce: samari su nufi gayaunarsu, inda suke noma abin da za su sayar su yi ɗinkin salla ko su tara na aure, mu kuma mu ɗauki lauje da buhu.

A gonar Baffa ba ka ganin kunya mai abu guda. Gero ne da dawa a jere, wake yana yaɗo a ƙarƙashinsu, gyaɗa a inda ƙasa ta fi yashi, kuɓewa da yakuwa da rama a bakin iyaka, kabewa kusa da inda aka taɓa zuba toka. Yaron birni yana ganin abin kamar an watsa iri ne kara zube, alhali kowane yana da lissafinsa. Gero ke riga nuna, a yanke shi a watan Satumba, ya kori yunwar da ta fi tsanani a gidan manomi, wadda ke zuwa lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai iso ba. Yanke geron shi ke buɗe wa wake rana. Dawa tana nan tana shan sauran laima har sanyi ya fara shigowa. Idan ruwa ya ɗauke da wuri gero ya tsira, idan marka ta yi yawa dawa ta ji daɗi. Wake yana ciyar da mutum da ƙwayarsa, ya ciyar da dabba da harawarsa, ya kuma bar wa ƙasa ƙarfi. Baffa bai taɓa shiga aji ba, amma yana iya tsayawa a bakin gona ya ce maka wannan kusurwa ta gaji, bana ita za a fi ba taki. In ka tambaye shi yadda ya sani, sai ya nuna maka ƙuduji da ya fara tsirowa a gindin dawa, ya ce, "Ɗana, wannan ba ya zuwa gonar da ta ƙoshi."

Aikin da ya fi zama namu shi ne yankan ciyawa. A wannan ƙasa babu dajin kiwo. Da ruwa ya sauka aka yi shuka, tumaki da awaki sai turke, ba za a sake su ba sai an kwashe amfani. Wata huɗu ko biyar abincinsu yana wuyan yara. Kullum da yamma sai ka cika buhu da harkiya da sauran ciyawar da aka nome, ka ɗauko a ka. A nan muka koyi bambanta wadda akuya ke so da wadda ba ta taɓawa, muka koyi tsinko tafasa da lalo a kai wa Gwaggo ta yi kwaɗo ko miya. Dabbobin suna ci a turke suna zubar da kashi a wuri guda, ana haɗa shi da tokar murhu da sharar tsakar gida, ya taru ya zama juji. Da bazara a loda wa jaki a mangala, a je a jejjera shi tsibi-tsibi a gona. Ciyawar da ta fito daga gonar ta koma cikinta ke nan.

Wannan zagaye shi ne sirrin ƙasar da ke kewaye da Kano, kuma ya daɗe yana ba baƙi mamaki. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya yaba albarkar karkararta da yawan mutanenta. Fiye da shekara ɗari bayansa, wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin ƙauyukan da ke zagaye da birnin. Abin da ya tarar shi ne mafi yawan ƙasar ana noma ta kowace shekara ba tare da an bar ta ta yi saura ba, mutane sun yi yawa ƙwarai, amma ƙasar ba ta mutu ba kamar yadda masana da yawa suka yi hasashe. Dalilin shi ne taki da bishiyoyin da aka bari da gangan a cikin gonaki, da kuma yawan hannuwa. Ya kuma lura da jakunan da ke shiga birni da itace su fito da takin birni. Na riski ƙarshen wannan zamani. Birni yana cin hatsin ƙauye, ya mayar masa da toka da kashin dabbobin da ake turkewa a lunguna. A ganina mu 'yan dogon hutu muna cikin abin da birni ke mayarwa.

Ba zan ce aikin daɗi ne da shi ba. Makon farko hannu yana yin kanta, ta fashe, ta sake yi. Baya yana ƙagewa. Ƙarangiya tana manne wa ƙafa, ga kunama a ƙarƙashin kara, ga zazzaɓin damina da kusan kowa sai ya kwanta da shi, asibiti kuma da nisa. Akwai yaran ƙauyen da suka fi mu kaifin ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, waɗanda gona ta hana su zama a aji, domin su aikinsu ba ya ƙarewa ranar da aka koma makaranta. Mu muna wanke ƙafa mu hau mota a Satumba, su kuma girbin dawa da roron wake da cirar gyaɗa duk suna gabansu. Mata ma nasu ya fi na kowa tsawo: sussuka da shiƙa da surfe da daka, tun kafin injin niƙa ya wadata, ga ɗiban ruwa. Wanda ya tuna zamanin nan ya manta da wannan bai yi wa mutanen adalci ba. Sai dai akwai tumun farko da ake gasawa a bakin gona, da dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira, da ranar gayya, inda samarin unguwa ke taruwa a gonar wani dattijo ko surukin ɗayansu, da makaɗi a bayansu, a gama aikin mako guda kafin rana ta take.

Tun kafin mu fara zuwa canji ya riga ya kama hanya. Tsofaffin garin suna ba mu labarin zamanin gyaɗa, lokacin da ake auna ta a kai Kano a gina dala da buhunanta, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko. Farin 1972 zuwa 1974 ya girgiza wannan ciniki, cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa shi. Manomi ya koma dogara da wake da rogo da ɗan abin da ya samu a ci-rani. Kuɗin man fetur suka ja matasa zuwa birni. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, har ta tura ɗaliban manyan makarantu gonaki a dogon hutun shekarar, ana biyan su. A shekarar ce kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Gwamnati tana kiran matasa su koma gona da hannu ɗaya, tana kiran yara su shiga aji da ɗayan, ba wanda ya zauna ya tsara yadda abubuwan biyu za su zauna tare. Iyayenmu ne suka sasanta su da kansu ta hanyar dogon hutu, ba tare da wata takarda ba.

Sai takin zamani ya shigo da ƙarfinsa. A farkon shekarun 1980 aka kafa hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, malaman gona suka riƙa yawo a kan babura, kamfa da yuriya suna da araha saboda tallafi. Baffa ya karɓe shi, amma bai taɓa yarda ya bar jujinsa ba. Yakan ce na buhu yana ciyar da shukar bana ne, na gida kuwa ƙasar yake ciyarwa. Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta faɗi, tallafin ma a ƙarshe ya ja da baya, waɗanda suka saki takin gida suka fi jin jiki. A wannan tsakanin takin birni ma ya lalace. Jujin Kano da aka sani da toka da kashin awaki ya cika da leda da fasassun kwalabe da batura. Yau in ka ga gonar da aka zuba mata sharar birni, ledoji ne ke kaɗawa a kan kunya, dabba ta haɗiya ta kumbura.

Gandu kuma ya watse a hankali. Bayan rasuwar Baffa aka yi rabon gado kamar yadda shari'a ta tanada, gonakin da mutum ɗaya ke juyawa suka zama 'yan yanki-yanki a hannun mutane da yawa, wasu ma ba sa garin. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Rimin Gado mutum 104,790 a kan murabba'in kilomita 225, wato sama da mutum 460 a kowane murabba'i, kuma an hayayyafa sosai tun daga lokacin. Daga Gulu zuwa Butu-Butu, daga Karofin Yashi zuwa Yalwan Danziyal, ƙasar ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba. Saurayin da ya gaji abin da bai kai a ci wata uku ba dole ya nemi wata hanya. Da yawa suka shiga acaɓa a birni, da aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a 2013 suka koma Adaidaita Sahu, ko leburanci a wurin gini, ko dako a kasuwar Dawanau. Gayya ta zama ƙwadago. Ba na zargin kowa a kan haka. Wanda zai biya kuɗin makarantar ɗansa da na magani ba zai iya ba da yininsa a kan fura da godiya ba.

Abin da ya fi canza fuskar damina a idona shi ne feshi. Yanzu mutum ɗaya da tankin feshi a bayansa yana gama abin da mu goma muke kwana uku muna yi. Bayan da ya huta ya huta, kuma wanda bai taɓa yin maimai a cikin zafin da ke biyo bayan ruwa ba bai kamata ya raina wannan sauƙi ba. Amma maganin ba ya tantancewa. Tafasar da ake miya da ita da harkiyar da akuya ke ci duk ciyawa ce a wurinsa. Wani maganin da ya dace da masara ko dawa yana ƙona wake, don haka mai feshi yakan gwammace ya shuka abu guda a gona, tsohon tsarin nan na gauraye ya ja baya. Ina ganin samari suna feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, suna gauraya magani da hannu, a wanke jarkar a zuba ruwa. Sannan yaron da a da ake aikawa yankan ciyawa yanzu sai an gargaɗe shi kada ya yanko daga inda aka fesa. Akwai sabbin abubuwan da na yi murna da su ba tare da wani ƙorafi ba: irin wake mai saurin nuna da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Kano ta yaɗa, da buhu mai leda biyu a ciki da ke hana ƙwari cin wake ba tare da an zuba guba ba, da wayar hannu da manomi ke jin farashin Dawanau kafin dillali ya iso ƙofarsa.

'Ya'yanmu kuwa dogon hutunsu ya cika tun kafin ya zo. Akwai lesin na hutu, akwai Islamiyya da hadda, akwai shirin jarrabawa. Uwa tana tsoron sauro da ruwan rijiya, uba yana jin labaran rashin tsaro da ke fitowa daga iyakar Katsina ya ce a bari sai an ga hali. Kowane dalili yana da gaskiyarsa. Akwai kuma wanda ba a faɗa da baki: da yawa daga cikinmu da muka yi boko muna ganin mun tsere wa fartanya ne, ba ma so 'ya'yanmu su ko taɓa ta. Idan an je ƙauye yanzu ranar salla ce ko ta biki, a gaisa a zaure, a ɗauki hoto, a juyo kafin magariba. Yaron ya san sunan garinsu, yana rubuta shi a takardar shaidar ƙaramar hukuma, amma in ka kai shi bakin gonar kakansa ba zai iya nuna maka inda ta tsaya ba.

Wannan rashin sanin ne yake damuna fiye da komai, domin yana da farashi. A da iyakar gona gamba ce da aka dasa a jere, ko wata tsamiya, ko tsohon kututture, kuma shaidarta tana cikin kan waɗanda suka nome ta. Mun san iyakokin gonakin gidanmu ne saboda a nan kunyarmu take ƙarewa mu juyo. Mun san wace ce ke riƙe ruwa, wace ce aka karɓa aro, wace ce aka taɓa jinginarwa aka fanso da kuɗin gyaɗa. Yanzu birni ya biyo titin Gwarzo yana tafe. Inda muke ganin dawa ta fi mutum tsawo an kafa duwatsun fuloti, an zagaye wasu da bulo an bar su ba gini ba shuka, ana jiran su yi tsada. Dillalai suna bin magada har gida. Magajin da bai taɓa zubar da gumi a gona ba, in aka kira masa miliyoyi, ba abin da zai riƙe hannunsa. Wanda ya sayar don ya biya bashin asibiti ko ya aurar da 'ya, uzurinsa a fili yake. Amma na ga waɗanda suka sayar suka sayi mota, motar ta mutu cikin 'yan shekaru, ɗan'uwansu da ke noma wurin a matsayin aro ya koma ƙwadago a gonar wasu. Ɗorawar da aka sare ranar share fuloti ta fi mai sayarwar shekaru, kuma daddawar gidaje da yawa daga jikinta take fitowa.

Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abinci ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, har hauhawar farashinsa ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Sai ga ma'aikatan birni suna tuna cewa suna da gona. Abokaina da yawa suka koma noma, amma noman waya: a tura kuɗin huɗa, a tura na taki, a tura na feshi, a zo ranar Asabar a tsaya a bakin gona da takalmi mai tsabta. Da kaka ta yi, amfanin bai kai abin da aka kashe ba, sai a ce mutanen ƙauye sun yi cuta. Wani lokaci an yi cutar. Sau da yawa kuwa mai gonar ne bai san cewa takin da aka zuba bayan lokacinsa ya wuce asara ba ne, bai san gonarsa jigawa ce da ba ta son masara ba, bai san kwana uku na jinkirin noman firi suna iya rage masa dami ba. Waɗanda suka yi dogon hutu irin namu, ko sun shekara talatin ba su riƙe fartanya ba, sun fi iya tambayar da ta dace, kuma ɗan ƙwadago yana gane su tun daga yadda suke taka kunya.

Ba ina kira a cire yara daga makaranta a mayar da su turken awaki ba. 'Ya'yan 'yan'uwana na ƙauye ma so nake su yi karatun da iyayensu ba su samu ba. Abin da nake cewa ɗan kaɗan ne: mako biyu ko uku na watan Agusta, a gidan baffa ko kawu, da gidan sauro da maganin zazzaɓi a jaka, yaro ya fita da asuba tare da sa'o'insa, a ba shi kunyarsa. Makarantun da ke koyar da darasin aikin gona a kan allo, a garin da gona take bayan tagar aji, su ma suna iya duba lokacin da hutunsu ke faɗowa.

A gidanmu maganar ta zo kanmu bana. Akwai gona guda da ta rage ba a raba ba, wadda ke kusa da titi, kuma an zo an yi mata tayi mai tsoka. Aka taru a zauren marigayi Baffa, manya da 'ya'yansu, har da waɗanda suka zo daga Abuja da Kaduna. Matasan suka kawo lissafinsu, kuma lissafin ba na banza ba ne: kuɗin zai biya wa mutum huɗu jami'a, ya ba biyu jari. Babban ɗan Baffa, wanda shi ke noma ta har yau, bai ce komai ba sai da aka tambaye shi. Ya ce, "Ku ne masu karatu. Ni dai abin da na sani, daga cikinta ake ciyar da gida uku daga Satumba zuwa azumi." Mu da muka taɓa yin maimai a cikinta muka ce a dakata, waɗanda ba su taɓa ba suka ce damar ba za ta jira ba, kuma sun fi mu yawa. An ɗage maganar zuwa bayan an kwashe dawa.